Barbara McClintock: Matar Da Ta Gano Asirin Masara Mai Roɗi-Roɗi

'Yan'uwa masu karatu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal da sauran garuruwan Kurmi, a wannan mako filin namu na tarihin mashahuran mutane zai ƙetare teku ne zuwa Amurka, amma sai mun fara yada zango a Kubwa. Wanda duk ya saba biyowa ta Abuja in zai tafi gida ya san Kubwa, garin nan na ƙasar Gwari da ke cikin yankin Bwari, wanda ya cika maƙil da ma'aikata da 'yan kasuwa, inda kuma jirgin ƙasa mai zuwa Kaduna yake tsayawa ya ɗauki fasinja. Da zarar damina ta kankama, ko'ina ka duba a bakin titi sai hayaƙin masu gasa masara. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a nan Kubwa ɗin akwai tashar gwajin amfanin gona ta cibiyar nan ta IITA, wadda aka kafa hedkwatarta a Badun cikin shekarar 1967, kuma masara tana cikin manyan abubuwan da cibiyar take bincike a kansu.

To, in ka ɓare goyon masara, wani lokaci sai ka tarar da launi iri iri a jikinsa. Wannan kashi biyu ne. In wata ƙwara fara ce fat, ta kusa da ita kuma rawaya ko ja, to, babu abin mamaki, domin kowace ƙwarar masara da nata uban. Iska ce ta kwaso garin fure daga gonar maƙwabci ta zuba a kan gemun masararka. Amma in ƙwara guda ce ta fito da roɗi-roɗi kamar gashin zabo, ko da zane-zane, to, nan fa ake yin ta. Uwa ɗaya, uba ɗaya, ta yaya launi biyu ya sami shiga? Matar da za mu ba da tarihinta ita ce ta amsa wannan tambaya, amma sai da duniya ta yi wajen shekara talatin kafin ta gane girman amsar.

An haifi Barbara McClintock ran 16 ga watan Yuni, 1902, a garin Hartford na Jihar Connecticut. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya huɗu, ubanta kuwa likita ne, amma ba mai hannu da shuni ba. Eleanor aka raɗa mata, daga baya iyayen suka ga sunan ya yi wa wannan yarinya laushi, sai suka sake mata suna. Tun tana ƙarama ba ta damu da taro ba, ta fi son ta zauna ita kaɗai tana warware wata matsala, ko kuwa ta shiga wasan guje-guje da yara maza. A unguwar Brooklyn ta birnin Niyok ta yi makarantar sakandare, ta gama cikin 1919.

Da ta ce za ta shiga jami'a, sai uwarta ta ƙi, bisa ga tsoron cewa yarinyar da ta yi karatu mai zurfi ba za ta sami mijin aure ba. Mai karatu zai ji kamar a garinsu aka yi wannan magana. Ubanta ne, da ya komo daga aikin soja a Faransa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya sa baki aka ƙyale ta. Ta shiga kwalejin aikin gona ta Jami'ar Cornell a wannan shekara ta 1919, ta sami digirin farko cikin 1923, na biyu cikin 1925, na dakta kuma cikin 1927, tana da wajen shekara 25 da haihuwa.

Kafin mu ci gaba, tilas mu ɗan yi bayani. Jikin kowane mai rai, mutum ko dabba ko tsiro, an gina shi ne da waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. A cikin kowace ɗaya akwai waɗansu zarurruka da ake kira kuromosom, a jikin zarurrukan nan kuma aka jera ƙwayoyin gado, watau abubuwan da ɗa yake gada daga iyaye, kamar launi da tsawo da jimirin fari. A zamanin da Barbara take ɗaliba, masana sun ɗauka ƙwayoyin gado a jere suke kamar 'ya'yan carbi, kowace da mazauninta, ba ta gusawa har abada.

Masara tana da irin waɗannan zarurruka kala 10, amma a lokacin babu wanda yake iya bambanta su. Barbara ce ta gyara hanyar rina su, ta duƙufa a kan madubin nan mai ƙara girman abu, har cikin 1929 ta fayyace kamannin kowane ɗaya, da tsawonsa, da inda ƙullinsa yake. Cikin 1931 kuma ita da wata ɗaliba mai suna Harriet Creighton suka nuna ƙuru-ƙuru cewa zaren uwa da na uba suna musayar guntaye a tsakaninsu lokacin da tsiro yake shirin yin iri. Wannan aiki kaɗai ya isa ya sa sunanta cikin littattafan makaranta. Abokan aikinta a Cornell, irin su Marcus Rhoades da George Beadle, ba su ɓoye ba cewa idonta ya fi nasu gani.

Duk da haka aiki na dindindin ya gagara, domin a wancan zamani ba a cika ba mata kujerar malanta a irin wannan fanni ba. Ta yi ta yawo da 'yan kuɗin tallafin bincike daga wannan jami'a zuwa waccan. Cikin 1933 ta tafi Jamus, ta tarar 'yan Nazi sun hau mulki, malamin da ta yi niyyar aiki da shi ma ya bar ƙasar, sai ta komo gida ba ta cika wa'adi ba. Daga 1936 ta koyar a Jami'ar Missouri, inda ta yi ta nazarin zarurrukan masara da hasken hoton ƙashi ya kakkarya. Ta lura cewa karyayyen baki ba ya zama haka nan, sai ya nemi wani karyayye ya manne da shi, sa'an nan ya sake tsinkewa in ƙwayar halitta ta zo rabuwa. Da ta ga babu alamar ƙarin girma, sai ta tattara nata ya nata cikin 1941.

A ƙarshen wannan shekara ta sauka a Cold Spring Harbor, wata cibiyar bincike a bakin teku kusa da Niyok, ƙarƙashin Cibiyar Carnegie. Nan ta zauna shekara hamsin. Abin da ta samu bai wuce ɗakin aiki da 'yar gona da albashi ba, kuma abin da take nema ke nan. Ita take shukarta, ita take rufe goyon masara da jakar takarda don kada baƙon garin fure ya shiga, ita take barbara da hannunta, ta liƙa wa kowane kara lamba. Ta san kowane tsiro a gonar kamar yadda Bafillace ya san shanunsa. Wahalar masara a can ita ce sau ɗaya ake girbi a shekara saboda sanyi; in ka yi kuskure, sai baɗi. Cikin 1944 aka zaɓe ta cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka, mace ta uku da ta taɓa shiga, cikin 1945 kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masana gado ta ƙasar.

A daminar 1944 ne ta shuka irin da ya sake mata rayuwa. Tsirran suka fito da zane-zane a ganye, ƙwarori kuma da roɗi-roɗi. Wani zai ce irin ya lalace, ya zuba wa kaji. Ita kuwa sai ta zauna tana ƙirga ɗigo. Ta ga cewa zare na 9 yana yawan karyewa a wuri ɗaya, sai ta sa wa abin da yake wurin suna Ds, daga kalmar Ingilishi mai ma'anar rabuwa. Ta kuma gano cewa Ds ba ya yin kome sai in akwai wani abu dabam a cikin tsiron, wanda ta kira Ac, watau mai tayarwa. Cikin 1948 sai ga abin da hankali bai ɗauka ba: Ds ya bar mazauninsa ya koma wani wuri, shi ma Ac haka. Ashe dai cikin 'ya'yan carbin nan akwai 'yan ci-rani.

Ga yadda roɗin yake faruwa. Akwai ƙwayar gado mai sa ƙwarar masara ta yi launi. In Ds ya faɗo tsakiyarta ya zauna, sai ta daina aiki, ƙwarar ta fito fara. To, in Ac yana nan, yayin da ƙwarar take girma sai Ds ya tashi daga wata ƙwayar halitta guda, nan take launi ya komo mata da dukan waɗanda suka tsatso daga gare ta. In da wuri ya tashi, sai a ga babban tabo. In a makare ya tashi, sai a ga 'yan ƙananan ɗigo. Watau kowane ɗigo a jikin ƙwarar nan shaida ce ta tashi guda, girmansa kuma yana gaya maka lokacin da aka yi tafiyar. Duk wannan ta gano shi ne da madubi da ƙirga, tun kafin Watson da Crick su bayyana surar DNA cikin 1953.

Ta buga sakamakon cikin 1950, ta kuma yi wa taron masana bayani a Cold Spring Harbor cikin 1951. Ba a yi mata tafi ba. Waɗansu ba su gane ba, domin bayanin nata yana da sarƙaƙiya ƙwarai. Waɗansu kuma sun ɗauka wata al'ada ce ta masara kawai, ba ta shafi sauran halittu ba. Hankalin matasan masana a lokacin duk ya koma kan ƙwayoyin cuta, waɗanda suke hayayyafa cikin minti ashirin, wa zai tsaya jiran girbin shekara? Daga 1953 ta rage bugawa a manyan mujallu, ta ci gaba da aikinta shiru, tana sa sakamako cikin rahoton shekara na Carnegie. Daga 1957 kuma ta yi ta zirga-zirga zuwa Meziko da Amurka ta Kudu, tana nazarin irin masarar gargajiya da manoman can suka gada, tana koyar da matasan masana, aikin da ya zama babban littafi cikin 1981. A Meziko ne asalin masara yake, tun wajen shekara 9,000 da suka wuce, ko da yake sunan da muke kiranta da shi yana nuna ta Masar ta iso mana.

Tambayar da Barbara ba ta da kayan aikin amsawa ita ce, ta yaya guntu zai fita daga zare ya shiga wani wuri ba tare da ya bar rabinsa a baya ba? Mai yankan ya san inda zai fara da inda zai tsaya ta ƙaƙa? Amsar tana ga bakunan guntun guda biyu, kuma a nan ne za mu ɗan daɗe.

DNA igiya ce mai tufka biyu, an rubuta ta da haruffa huɗu kacal: A da T da G da C. Ƙa'idarsu ita ce A kullum da T take haɗuwa, G kuma da C. Tufkokin biyu kuma kai da ƙafa suke kwance, ɗaya ana karanta ta daga hagu, ɗaya daga dama. To, a ce a farkon wani guntu an rubuta TTACG, a ƙarshensa kuma an rubuta CGTAA. In ka zaga ɗaya bakin ka karanta ɗaya tufkar daga can, abin da za ka gani shi ne TTACG, daidai da na farko. Kusan kamar kalmar aka ko ana, wadda ta ko'ina ka faro ta abu ɗaya za ka karanta, sai dai a nan sai ka sake tufka. Wannan shi masana suke kira juyayyen maimaici, watau jerin haruffa da aka maimaita amma aka juya masa fuska.

Amfaninsa shi ne amfanin kunnuwan tukunya. Guntun da yake tafiya yana sa a ƙera wani sinadari mai aikin almakashi, shi kuwa sinadarin ba ya duba abin da yake cikin tukunya, kunnuwan nan biyu kawai yake nema. In ya same su sai ya kama, ya haɗa su wuri ɗaya, ya yanke, ya ɗauke guntun ɗungum ya dasa a wani wuri. Da yake bakunan biyu juyin juna ne, almakashi iri ɗaya ya isa ya kama kowane ɗaya.

Ba a masara aka fara ganin haka ba. Daga ƙarshen shekarun 1960 masana a Jamus da Ingila da Amurka suka riƙa tarar da irin waɗannan guntaye masu tafiya a cikin ƙwayoyin cuta. Da suka warware tufkar suka duba ta da madubin lantarki, sai suka ga bakunan biyu sun nemi juna sun manne, tsakiyar ta yi zobe, abin ya fito kamar ludayi mai mariƙi. Sai cikin 1983 wata masaniya mai suna Nina Fedoroff da abokan aikinta suka ciro Ac da Ds daga masara, daga nan aka karanta haruffansu. Ac yana da haruffa sama da 4,500, a kowane bakinsa kuma akwai juyayyen maimaici mai haruffa 11. Ds kuwa, galibi Ac ne da ya rasa wani yanki na cikinsa, bai iya ƙera almakashi, amma bakunansa suna nan. Fasinja ne mai tikiti amma ba shi da mota, sai ya jira Ac ya zo ya ɗauke shi. Daidai abin da tsohuwar nan ta faɗa shekara 35 kafin nan daga ƙirgar ɗigo. Har ma an tarar duk inda guntun ya sauka yana maimaita haruffa 8 na wurin, in ya tashi kuma yakan bar sawu.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen masu farar riga ne. Cikin 1974 waɗansu masana biyu a Landan suka nuna cewa ƙwayar gadon da take sa ƙwayar cuta ta gagari maganin ampisilin tana hawa irin wannan guntu ta yi ƙaura. Wani sananne daga cikinsu yana da juyayyen maimaici mai haruffa 38 a kowane baki. Haka ma aka sami mai ɗauke da jimirin tetarasakilin. Watau dabarar da take yi wa masara ado ita ce take taimakon ƙwayoyin cuta su ba juna aron sulke. In mutum ya sayi kafso biyu a faranti a tasha ya haɗiya, ya bar sauran, masu rauni ne suke mutuwa, masu sulken su saura su yaɗu. Wannan yana cikin dalilan da suka sa maganin da ya yi wa iyayenmu aiki yau yake kasawa. A ɗaya gefen kuma, shaidu masu ƙarfi sun nuna cewa dabarar da jikinmu yake bi yana harhaɗa garkuwa iri iri ta samo asali ne daga wani irin wannan guntu da ya shiga zuriyar dabbobi tun fil azal.

A ganina bai kamata a mai da tarihin nan tatsuniya ba. An sha faɗin cewa an mai da ita mahaukaciya an yasar, amma wani marubucin tarihi, Nathaniel Comfort, ya bi takardunta ya nuna cikin littafinsa na 2001 cewa masana masara sun yarda da zancen ƙaurar tun da wuri, kuma ba a daina girmama ta ba. Abin da aka ƙi karɓa shi ne babban ra'ayinta cewa waɗannan guntaye su ne suke tsara yadda tsiro yake girma, su buɗe wannan ƙwayar gado su rufe waccan bisa tsari. A nan ta wuce gona da iri, ko da yake an tabbatar suna taɓa aikin maƙwabtansu. Ta kuma kasance mai kaifin harshe, ba ta haƙuri da mai jinkirin fahimta, wannan ma bai taimake ta ba.

Ko ta yaya dai, girma ya zo mata da tsufa. Ta sami lambar kimiyya ta ƙasar Amurka ta shekarar 1970, cikin 1981 kuma kyaututtuka suka yi ta zuwa. Cikin 1983, tana da shekara 81, aka ba ta kyautar Nobel ta fannin likitanci, ita ce kuwa mace ta farko da ta karɓi wannan ita kaɗai ba tare da an raba da kowa ba. A rediyo ta ji labari.

Bayan haka abubuwa suka yi ta fitowa. Cikin 1990 aka gano cewa waken Turawa mai yamutsattsar fata, wanda Gregor Mendel ya kafa ilmin gado a kansa, wani guntu ne dangin Ac ya faɗa cikin ƙwayar gadonsa. Da aka karanta DNA ɗin mutum cikin 2001, aka tarar wajen kashi 45 cikin ɗari guntaye ne masu ƙaura ko burbushinsu. Na masara da aka kammala cikin 2009, mai haruffa wajen miliyan 2,300, kashi 85 cikin ɗari ne, ko da yake yawancinsu wani dangi ne dabam mai kwafar kansa maimakon tashi, kuma akasari sun daɗe da kwantawa. Cikin 2011 ma aka nuna cewa ɗaya daga wannan dangi ya taimaka wajen sa masara ta tsaya kara ɗaya, ba ta 'ya'ya a gindi kamar gero, alhali ciyawar da ta fito daga cikinta mai rassa ce.

Manya daga cikinmu suna tune da lokacin da masara a Arewa abin bayan gida ce, a gasa a ci kafin gero ya nuna. Cikin shekarun 1970 da 1980 ne ingantaccen iri daga IITA da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, tare da taki da ayyukan raya karkara irin na Funtuwa, suka mai da ita abin cika rumbu, har ga shi tireloli suna sauke ta a kasuwannin Kurmi. Masu tace irin nan, a Badun ko Samaru ko Kubwa, har gobe da jakar takarda suke rufe goyo, kuma taswirar zarurruka 10 da suke aiki da ita, Barbara tana cikin waɗanda suka fara zana ta.

Ta yi ritaya cikin 1967, amma ba ta daina zuwa ɗakin aikinta ba har ƙarfinta ya ƙare. Ba ta yi aure ba, ba ta bar ɗa ba. Ta mutu ran 2 ga watan Satumba, 1992, a garin Huntington kusa da cibiyar, tana da shekara 90. Takardunta da littattafan ƙirgarta suna ajiye a birnin Philadelphia, cikin 2005 kuma gidan waya na Amurka ya buga kan sarki mai ɗauke da hotonta.